Me ya sa ƙarfe ke tsagewa a gefen walda, ita kuwa waldar lafiya lau?

Tambaya: "Ni mai walda ne. An kawo mini tirela irin mai ɗaukar katafila, wuyanta ya tsage, kaurin ƙarfen wajen milimita 25. Na gurje tsagar, na yi amfani da sandar 6013 geji 10, na ƙara wuta don ta shiga sosai, na cika ramin taf. Mai motar yana sauri, sai na watsa ruwa ya huce. Waldar ta yi kyau a ido. Bayan kwana biyu, tun ba a ɗora mata kaya ba, sai ga sabuwar tsaga a gefen waldar, ita kanta waldar ba abin da ya same ta. Na daɗe ina yin ƙofofi da tankuna ban taɓa ganin haka ba. Sandar ce jabu, ko ƙarfen ne ba shi da kyau?"

Amsa:

Malam, sannu da aiki. Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar sandar jabu ce ba, ƙarfen kuma wataƙila ya fi duk wanda ka taɓa ɗora wa wuta kyau. Ka yi masa irin waldar da ake yi wa ƙarfen ƙofa ne, shi kuwa ba ya ɗaukar wannan. Kafin komai, don Allah kar a ɗora wa tirelar nan kaya sai an sake aikin daga tushe.

Ƙarfen da ake yin ƙofa da tanki da shi yakan fara ba da kai ne idan matsin da ke kansa ya kai megafaskal (ma'aunin matsi) 235 zuwa 250. Wuyan tirela irin wannan, da hannun kiren, wato injin ɗaga kaya, da wasu sassan manyan injinan haƙa, sau da yawa da wani ƙarfe daban ake yin su, irin wanda a Turai ake wa lamba S690QL, a Amurka kuma A514 ko T-1. Shi sai an kai 690 yake fara lanƙwasa, kusan ninki uku ke nan. Shi ya sa mai ƙera tirela zai sa faranti mara kauri sosai ya ɗauki katafila, motar kuma ba ta yi nauyin banza ba. A ido ba ka bambanta su, balle an shafa fenti.

Wannan ƙwarin ba daga sinadaran da aka zuba kaɗai ya zo ba. Akwai su kam, ɗan kuromiyam, da molibdenam, da nikel, wani lokaci da ɗan boron, amma babban aikin wuta ce ta yi shi a masana'anta. Ana gasa farantin ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, a feshe shi da ruwa ya huce nan take, sannan a mayar da shi tanderu a kan digiri 550 zuwa 650 ko kusa da haka, ya ɗan saki. Abin da maƙeri ke yi wa gatari ke nan: ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa ya yi tauri, sannan ya ɗan mayar da shi wuta don kar bakin ya ɓalle ranar da ya haɗu da icen ƙirya. Kowane maƙeri ya san idan gatarin ya faɗa gobara ya yi ja ya huce da kansa, ya tashi daga aiki. To duk sanda ka kunna wutar walda a jikin irin wannan faranti, kana sake masa wannan gashin ne a ɗan siririn wuri, cikin 'yan sakanni, babu tanderu babu ma'auni.

Wutar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe ta haura digiri 5,000, ƙarfe kuwa wajen 1,500 yake narkewa. Abin da ya narke shi ne waldar da kake gani. Daga bakinta zuwa 'yan milimita a cikin farantin akwai ƙarfen da bai narke ba amma ya sha zafin da ya sauya masa hali. A takardun aiki za ka ga an rubuta masa HAZ, wato gefen da zafi ya taɓa. Nan tsagarka ta fito, kuma nan ne kusan duk matsalar wannan ƙarfe take.

Idan ƙarfe ya haura digiri 727, tsarin ƙwayoyin cikinsa yakan fara juyewa zuwa wani tsari da ake kira ostanait, kafin a kai wajen 900 ya gama juyewa, kabon ɗin da ke ciki ya narke a jikinsa. Abin da zai zama bayan nan ya dogara ne da yadda ya huce. In ya huce a hankali, kabon ya samu sararin fita ya zauna gefe, ƙarfen ya yi laushi. In ya huce da gaggawa, kabon ya maƙale a inda yake, sai a samu wani tsari da ake kira matansait, mai tsananin tauri da gautsi, wanda ba ya lanƙwasa sai dai ya dare. Ƙarfen ƙofa ba shi da isasshen kabon da sauran sinadaran da za su sa ya yi wannan taurin cikin sauƙi, shi ya sa ka yi shekaru kana watsa masa ruwa yana yafe maka. Ƙarfen tirela kuwa da gangan aka haɗa shi don ya yi tauri da zarar ya huce da sauri, har tsakiyar faranti mai kauri. Injiniyoyi na auna wannan hali da wani lissafi: a ɗauki kabon, a ƙara manganis bisa 6, a ƙara jimlar kuromiyam da molibdenam da banadiyam bisa 5, a ƙara jimlar nikel da tagulla bisa 15. In abin da ya fita ya wuce 0.40 ko 0.45, an shiga wurin taka tsantsan. Na S690QL mai kauri yakan kai 0.5 zuwa 0.65.

Kuma ba sai ka watsa ruwa ba. Farantin milimita 25 mai sanyi shi da kansa yana zuƙe zafin layin farko da saurin da ya isa ya haifar da matansait. Ruwan da ka watsa ƙari ne a kan ɓarnar da ta riga ta fara.

Amma tauri kaɗai ba ya tsaga ƙarfe yana ajiye. Abin da ya ƙarasa aikin iskar haidurojin ce. Duk wani danshi da ya shiga wutar walda, ko daga ɓawon sandar, ko tsatsa, ko fenti, ko man giris, ko baƙin man da ya daɗe yana tsiyaya cikin tsohuwar tsagar, wutar tana farfasa shi, haidurojin ya narke cikin ruwan ƙarfe. Ƙwayarsa ce mafi ƙanƙanta a cikin dukkan sinadarai, don haka ko bayan ƙarfen ya daskare tana ci gaba da yawo a cikinsa. Muddin ƙarfen na da ɗumi tana samun hanyar fita. Da ya huce sai tafiyarta ta yi nauyi, ta riƙa taruwa sannu a hankali a inda ƙarfen ya fi ɗaurewa, wato bakin walda da gindinta. Waldar kuma da ta huce ta tsuke, tana jan farantin ta kowane gefe, wuyan tirela kuwa ba abu ne da zai motsa ya ba ta hanya ba. Idan waɗannan suka haɗu, gefe mai gautsi, da haidurojin, da ja, da ƙarfen da ya sauko ƙasa da wajen digiri 150, sai tsaga ta fara, ta ɗan ci gaba, ta tsaya ta jira ƙarin haidurojin ya taru a bakinta, ta sake ci gaba. Shi ya sa ba ta fito a gabanka ba, sai da aka kwana biyu. A ƙa'idar walda ta Amurka, AWS D1.1, ba a karɓar duban da aka yi wa waldar A514 sai an yi shi bayan awa 48 da gama aiki, saboda wannan dalili.

Sandar 6013 ba ta da laifi a wurinta, amma ɓawonta na ɗauke da danshi tun daga masana'anta, haka aka yi ta. Haidurojin da take barin wa walda sau da yawa ya haura mililita 15 a kowane giram 100, alhali busasshiyar 7018 mai kyau ba ta wuce 5. Ga shi kuma ƙwarinta wajen megafaskal 420 ne, bai kama ƙafar na farantin ba. Ruwan da ka watsa ya yi ɓarna biyu: ya ƙara wa gefen layin ƙarshe tauri, ya kuma rufe wa haidurojin ƙofar fita a daidai lokacin da yake fita.

Kar ka ɗauka kai kaɗai abin ya taɓa samu. Gadar King Street da ke Melbourne a Ostireliya an buɗe ta a 1961, an yi ta da ƙarfe mai ƙwari da masu aikin ba su saba da shi ba. Ranar 10 ga Yuli 1962, da safiyar hunturu, wata tirela da kayanta bai wuce ƙa'ida ba ta hau, sai manyan ƙarafan wani sashe suka dare. Bincike ya nuna tsagogin suna nan tun daga wurin ƙira, a bakin waldar da aka gitta a ƙarshen farantan ƙari. A watan Mayu 2021 kuma aka rufe gadar Hernando de Soto da ke kan kogin Mississippi a Memphis kusan wata uku, bayan an ga wani babban ƙarfenta na T-1 ya tsage. Gadar tun 1973 take aiki, aka kuma gano asalin tsagar daga gyaran walda ne da aka yi tun lokacin ƙera ta. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyi da masu duba aiki.

Yanzu za ka ce, tunda saurin hucewa ne matsalar, sai in ƙara wuta, in riƙa lilo da hannu ina shimfiɗa walda mai faɗi, ƙarfen ya ɗau zafi sosai ya daɗe bai huce ba. A ƙarfen ƙofa wannan dabara ba ta cika cutarwa ba. A nan kuwa gaba kura ce baya sayaki, kuma wannan ɓangaren ne na fi so ka riƙe, domin ɓarnarsa ba ta nuna kanta a kwana biyu.

Layin da ke manne da waldar, wanda ya haura digiri 1,100, ƙwayoyinsa girma suke yi muddin yana cikin wannan zafin. Ƙarfe mai manyan ƙwayoyi ba ya jure duka. Zai ɗauki nauyi a tsaye, amma ranar da tirela ta faɗa rami da kaya a kanta, sai ya dare lokaci ɗaya ba tare da ya lanƙwasa ya yi gargaɗi ba. Can nesa kaɗan kuma akwai layin da zafinsa ya tsaya tsakanin wajen 600 da 727, ko ya ɗan haura. Wannan bai juye gaba ɗaya ba, amma ya wuce zafin da aka saki farantin a kansa a masana'anta, don haka ya saki fiye da kima, ya yi laushi. Wannan layi mai laushi ba a iya kauce masa gaba ɗaya. In siriri ne, ƙarfe mai ƙwari da ke gefensa biyu yana riƙe shi, haɗin ya ɗauki kusan cikakken nauyinsa. In wuta ta yi yawa ya yi faɗi, to ka sayi ƙarfen 690 ka mayar da wani yanki nasa ƙarfen gama-gari, a daidai inda mai ƙira ya rage kauri saboda ya dogara da ƙwarin.

Saboda haka masu yin wannan ƙarfe ba sa cewa yi sauri ko yi a hankali, lokaci suke bayarwa: sakan nawa gefen walda zai ɗauka yana saukowa daga digiri 800 zuwa 500. Ga ƙarfen 690 galibi ana son ya faɗa tsakanin sakan 5 da 20 ko 25. Ƙasa da haka, tauri da tsaga. Sama da haka, manyan ƙwayoyi da laushi. Ga na 960 da ake yin hannun kiren da shi, tazarar ta fi wannan ƙunci.

Ba za ka iya auna wannan a shago ba, amma za ka iya auna zafin da kake zubawa a kowane milimita, wanda shi ke jan ragamar. Ninka volt da amfiya, ka ninka da 60, ka raba da tsawon da hannunka ke ci a minti ɗaya a milimita, sannan ka ninka da 0.8 in waldar sanda ce. A ce geji 10 a kan amfiya 120 da volt 24, kana cin milimita 150 a minti: zai ba ka jul (ma'aunin yawan zafin da aka zuba) 920 ko kusa, wato kilojul 0.9 a milimita. Yanzu ka murɗa injin zuwa amfiya 150 da volt 26, ka riƙa lilo har tafiyarka ta sauko milimita 70 a minti: ya koma kilojul 2.7, ninki uku, da sanda iri ɗaya. Ka lura ba murɗa injin ne ya kawo yawancin ƙarin ba, jinkirin hannu ne. Agogon waya da tef sun ishe ka: ƙona sanda ɗaya, duba sakan nawa ta ɗauka, auna tsawon layin da ta bari. A faranti irin naka, tsakanin kilojul 1 da 2 wuri ne mai kyau. A wanda bai kai milimita 10 ba, iyakar takan sauko wajen 1, domin siririn faranti ba shi da inda zai kai zafin.

Abin da ke warware wannan ƙulli shi ne ɗumama ƙarfen kafin walda, kuma mutane da yawa suna ɗauka duk ɗaya ne da ƙara wuta. Ba ɗaya ba ne. Ƙara wuta yana faɗaɗa yankin da ya kai zafi mai ɓarna. Ɗumamawa zuwa digiri 100 ba ta taɓa tsarin farantin ko kaɗan, amma tana rage saurin hucewa, musamman a can ƙasa, daga 300 zuwa 100, inda haidurojin ke samun damar ficewa. Wato siraran layuka masu ƙaramar wuta a kan ƙarfe mai ɗumi, maimakon ƙaton layi ɗaya a kan ƙarfe mai sanyi.

Ga yadda zan so ka sake aikin. Cire waldar 6013 ɗin nan gaba ɗaya da giranda, har da milimita biyu ko uku na gefenta, kar ka bi ta kanta da sabuwa. In kana son ka ga abin da nake faɗa da idonka, kafin ka cire ɗauki zarton gurzar ƙarfe ka goga a tsakiyar farantin, sannan ka goga a daidai bakin waldar. A farantin zai ci, a bakin waldar za ka ji ya fi wuyar ci. Nemo ƙarshen tsagar na gaskiya, domin kullum ta fi yadda ido ke gani tsawo. In babu ruwan gwaji mai launi, tsohuwar dabarar kananzir da alli tana aiki: shafa kananzir, bar shi ya shiga, goge saman tas, shafa farin alli da aka dama ya bushe, sai ka ga siririn layi ya jiƙe ya bi tsagar har inda ta tsaya. Huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe, buɗe tsagar ta yi baki kamar digiri 60, ta fuska biyu in hannu na kaiwa. Bayan nan ka wanke kananzir ɗin da duk wani maiƙo da fenti, sai ƙarfe ya yi fari tas a kowane gefe, in ba haka ba ka zuba haidurojin da hannunka.

Ɗumama da wutar gas a faɗaɗe, ba a wuri ɗaya ba, har sai ƙarfen ya kai digiri 100 zuwa 150 a nisan milimita 75 daga bakin ramin, kuma ka duba ta bayan farantin don ka tabbatar zafin ya ratsa. Allin auna zafi ko ƙaramar na'urar hannu ba su kai kuɗin kwalin sanda mai kyau ba. Ruwan da za ka ga yana tsattsafowa a kan ƙarfen da ka fara ɗumamawa ba daga cikinsa yake fitowa ba kamar yadda ake yawan faɗa, tururin wutar gas ɗin ne ke sauka a kan sanyi. Ci gaba har ya ƙafe. Da safiyar hunturu, ƙarfen da ya kwana a waje yana buƙatar haƙuri fiye da na rana tsaka.

Sandar da ta yi daidai da ƙwarin farantin ita ce E11018. A layin gindi da yawa daga cikinmu mun fi son 7018, domin laushinta na sa ta miƙe ta sha jan maimakon ta tura shi ga gefe, sai a cika sauran da 11018. Amma duk amfanin waɗannan sanduna yana ga bushewarsu. Kwalin da aka buɗe aka bari a shago ya sha damina ya daina zama abin da aka rubuta a jikinsa. Ƙa'idar AWS ta ba 7018 awa 4 a waje bayan an fitar da ita daga oban (tanderun gasa sanda), 11018 kuwa rabin awa kacal. Wadda ta sha iska sai an gasa ta wajen digiri 350 na awa biyu, a ajiye ta a kan 120. Shanya ta a rana ko ɗora ta kan injin janareta ba ya fitar da ruwan da ya riga ya kama ɓawon. In ba ka da oban, sayi ƙaramin ƙunshi wanda aka rufe ba iska, ka buɗe shi lokacin da ƙarfen ya riga ya ɗumi. Waɗannan sanduna sun fi son injin DC, sanda a kan fositif, da gajeriyar tazara tsakanin bakin sanda da ƙarfe. Injin taransifoma naɗin hannu sau da yawa ba ya riƙe su, wutar ta riƙa yankewa tana barin ƙananan ramuka.

Ja layuka miƙaƙƙu ba lilo, kana kankare ɓawo tsakanin kowane biyu. Kar ƙarfen ya sauko ƙasa da zafin da ka ɗumama shi, kar kuma ya haura wajen digiri 200 kafin ka ɗora na gaba. In ya haura, ajiye sanda ka jira. Layuka da yawa suna da wata fa'ida: kowane sabo yana ɗan sakin taurin gefen wanda ke ƙarƙashinsa. Saboda haka ka tsara yadda layin ƙarshe zai zauna a kan walda, kusa da baki amma ba a kan farantin ba, don zafinsa ya saki gefen da ba wanda zai sake bi ta kansa. Kar ka ƙyasta sanda a jikin farantin don kunna wuta. Wannan ɗan tabon da ba ka ɗauke shi komai ba matansait ne zalla, kuma ana samun tsaga ta faro daga nan. Ɗigon da ake yi don riƙe aiki shi ma haka, ya samu ɗumi da busasshiyar sanda kamar sauran.

Da ka gama, riƙe wurin da ɗumi wajen digiri 150 zuwa 200 na awa ɗaya ko biyu in hali ya yi, sannan ka lulluɓe shi da bargon da ba ya cin wuta ko busasshen yashi ya huce da kansa. Kar ka gasa shi ya yi ja da sunan sakin jijiya. A irin A514 wannan gashin kan jawo wata tsagar daban a layin manyan ƙwayoyi, ga kuma laushi. Bayan awa 48 ka sake gwajin tsaga. Na san mai mota ba zai so jin wannan ba, amma kwana biyun da ya ƙi jira ai ga shi ya biya su har da riba.

Ba duk ƙarfe mai ƙwari ne iri ɗaya ba, kuma ya kamata ka san biyu da za su riƙa zuwa shagonka. Akwai wanda ƙwarinsa daga murzawa ya zo, irin S700MC da ake yin casis da jikin tirela na zamani da shi. Kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.12 cikin 100 ba, don haka ba ya saurin tsagewa, siririnsa ma ba ya neman ɗumamawa, amma wuta mai yawa na cinye masa ƙwari, kuma ƙa'idarsa ta yi gargaɗi a kan kai shi sama da digiri 580. Masu miƙe casis da wutar gas har ya yi ja su kula da wannan. Sai faranti mai jure gurzuwa irin Hardox da ake shimfiɗawa a cikin tifa da bokitin katafila. Kamfanin da ke yin sa ya ce taurinsa ba ya tsayawa in ya wuce digiri 250, don haka a nan ma sai an kiyaye iyakar zafi tsakanin layuka. Ba a neman sandar da ta kai shi tauri, 7018 ake sa masa, in kuma ɗumamawa ba za ta yiwu ba a koma sandar sitenles 307 ko 309, wadda ke riƙe haidurojin a jikinta ba ta tura shi gefe.

Akwai tambayar da ba ka yi ba: me ya tsaga wuyan tun farko? In ka duba fuskar tsohuwar tsagar ka ga ta yi sumul da wasu layuka masu lanƙwasa suna bin juna, gajiya ce, ta lanƙwasuwar yau da gobe a hanya. A nan ƙwarin ƙarfe ba ya taimako yadda ake zato. Bakin walda a ƙarfen 690 yana gajiya kusan daidai da bakin walda a ƙarfen 250, alhali na 690 an ɗora masa aiki mafi nauyi. Don haka ka gurje bakin sabuwar waldar ya shige cikin farantin sumul ba tudu ba rami, alamun giranda su bi tsawon ƙarfen. In za ka ƙara faranti a kai, yanka ƙarshensa ya tsuke kamar bakin mashi, kuma kar ka gitta walda a faɗin leɓen ƙarfen na sama ko na ƙasa, nan ne ja ya fi yawa. A casis ɗin manyan motoci da yawa akwai rubutun da ke hana walda ko huda a leɓen, irin waɗannan da kusoshi ake yi musu ƙari.

Wasu ayyukan kuma ƙin karɓarsu shi ne daidai. Hannun kiren, da ƙugiyar ɗaga kaya, da sifirin mota, da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, duk wuta ce ta ba su ƙwarinsu, kuma in suka karye mutum ne a ƙarƙashi. Hannun kiren sai da takardar tsarin walda daga wanda ya ƙera shi da kuma gwajin na'ura, sauran kuwa canza su ake yi. Shi ma wuyan tirelar nan, kafin ka sake kunna inji, duba farantin lambar da ke jikinta ka nemi a tambayi masu ƙirar ko dillalinsu wane ƙarfe ne. Takardar mai ƙarfen za ta ba ka zafin ɗumamawa da iyakar wuta na wannan kaurin daidai, kuma in ta saɓa da lambobin da na ba ka, ita za ka bi.